Wa ya faɗa maka? Abin da muka tarar da muka dawo gida da darasin tantance labari

'Yar Jekadafari:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son tayar da wannan magana, kunya ke hana ni, yau dai na ajiye ta gefe. Waɗanda suka san ni sun san na yi mako shida a Amurka a shirin Mandela Washington, wanda aka fara tun 2014 don matasan Afirka 'yan shekara 25 zuwa 35. Cikin duk abin da aka koya mana, wanda ya fi kama raina shi ne tantance labari kafin a yarda da shi ko a tura wa wani: ka dakata tukuna, ka duba wa ya faɗa, ka ga ko wata kafa ta kawo shi, sannan ka bi sawun hoto ko bidiyo har inda ya fito. Na dawo da zumuɗi, ji nake kafin damina ta fita na gama gyara Gombe.

Ranar wata Asabar na ari aji a wata makaranta a Pantami. Na yi hayar kujera arba'in da kuɗina, na sayi ruwan leda jaka biyu, na aro majigi. Mutum 23 suka zo. Ko minti goma ban yi ba aka ɗauke wuta. Na juya musu kwamfutata, na baya ba sa ganin komai sai ƙyallin allo. Misalin farko da na kawo shi ne wanda aka nuna mana a can, hoton bogi na wani ƙaton kifi yana iyo a kan babban titi, wanda ake sake yaɗawa duk lokacin da guguwa ta jawo ambaliya a Amurka. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Anti, to in kifi ya hau titi a Amurka, mu ina ruwanmu?" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, amma cikina ya ɗuri ruwa. Da aka zo tambayoyi, bakwai aka yi min. Biyar a kan biza, ɗaya a kan dusar ƙanƙara, ta ƙarshe kuwa ko akwai kuɗin mota.

Har sunan abin ma sai da ya ba ni wahala da Hausa. Don Allah duk wanda ya taɓa fita irin wannan shiri ya dawo ya gwada koyarwa a gida, ko ma bai fita ba amma ya gwada, ya ba mu labarin yadda ta kaya. Ba nasiha nake nema ba, abin da ya faru da ku nake son ji.

Tsohon Ɗan Jarida, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam. 'Yata, ba ki yi laifi ba, hanya kawai kika ɓata. Kin kawo darasin ido wurin mutanen da jita-jitarsu ta kunne take shigowa. Ni ma na yi irin wannan bayan wani horo da na je a Bon ta ƙasar Jamus, na dawo da takardu cike da jaka, yau ɓeraye ne suka fi ni sanin abin da ke ciki.

Ga abin da ya yi min aiki. Duk inda aka kira ni, kafin in ce komai sai in tambaya: wa ya yi wankan gishiri a 2014? Sai ki ga an fara kallon juna, ana murmushi, hannu ɗaya ya tashi, sai biyar, sai rabin ɗakin. Ni nake fara ɗaga nawa, don na yi. Wajen ƙarfe uku na dare a watan Agusta yayata ta kira ni daga Bajoga, muryarta na rawa, ta ce maza in tashi yara a yi wanka da ruwan ɗumi da gishiri kafin asuba, a kuma sha, cutar Ebola ce ke tafe. Ni da na shekara goma sha ina karanta labarai a rediyo, sai ga ni tsaye a madafa da gwangwanin gishiri a hannu, ina tashin matata. Ban tambayi yayata wa ya faɗa mata ba. Yaya za a yi in tambaya? Yayata ce, kuma don tana ƙaunata ta kira.

Cutar nan a Legas ta sauka ranar 20 ga Yuli, wani matafiyi daga Laberiya ya shigo da ita, ba ta taɓa iso Gombe ba, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da ita. Amma gishirin ya kwantar da mutane a asibiti a sassan ƙasar nan, wasu ma sun rasu, musamman abin ya fi haɗari ga masu hawan jini. In mutane suka yi wa kansu dariya a kan wannan dare, an gama. Ba wanda zai ƙara jin kin zo ce masa jahili, tunda ke ma kin yi wankan. Ko ba ki yi ba?

'Yar Jekadafari:

Baba, na yi. Har ido ya shiga.

Malamar Kumo:

Ni tun ina sakandare na tafi, a shirin musayar ɗalibai na YES, na yi shekarar karatu guda a jihar Ayowa ta Amurka. Yanzu ina koyar da 'yan mata, kuma makarantarmu ba a shiga da waya, don haka zancen binciken hoto a intanet bai ma taso ba. Ajina ya haura mutum saba'in. Abin da na yi, na raɗa wa ta farkon layi jimla ɗaya a kunne, na ce kowa ta raɗa wa ta kusa da ita har ƙarshen aji. Jimlar ita ce: akuyar mai gadi ta cinye takardun jarrabawa uku ranar Laraba. Da ta isa bencin ƙarshe, yarinyar ta miƙe ta ce, "An sace takardun jarrabawa, za a kori mai gadi."

Daɗin abin ba a nan yake ba. Sai muka koma baya benci benci, kowa ta faɗi abin da ta ji da abin da ta faɗa. A layi na biyu "uku" ta ɓace. A na huɗu Laraba ta tafi. A na shida muka kama inda akuya ta zama ɓarawo. Na ce wa yarinyar, me ya sa? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, na ji akuya sarai, gani na yi ba ta da daɗin faɗa." Wallahi duk shekarar da na yi a waje ban ji bayanin da ya kai wannan ba.

Sai dai ku ji ƙarshensa. Kafin a tashi tara, magana ta fita daga ajin. Ina ofis sai ga mai gadi, dattijo, hula a hannu, yana tambaya laifin me ya yi za a kore shi. Sai da na bi aji huɗu ina warwarewa, na kuma saya masa goro na ba shi haƙuri. In za ku gwada, ku sa sunan abin da ba shi da rai.

Ɗan Bolari:

Ku yi haƙuri zan ɓata muku hira. Mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin bitar da muke yi in mun dawo ba don mutane muke yi ba, don rahoto muke yi. Ni na je Gana, na dawo, wata ƙungiya ta ba ni ɗan tallafi da sharaɗin in kawo takardar sa hannun mahalarta da hotuna a gaban kyalle mai tambarinsu. Rabin kuɗin ya tafi a ɗakin taro na otal da shinkafa da kaza. Waɗanda suka zo kuwa, fuskokin da na sani ne, 'yan bita, yau suna ta tantance labari, gobe ta sauyin yanayi, jibi ta kiwon kaji. Sun fi ni iya amsa tambaya. Da yamma ɗaya daga cikinsu, da satifiket ɗinsa a hannu, ya turo mana a guruf cewa ana raba tallafin gwamnati, a danna a cike lambar BVN. Na aika rahoto, aka yaba min. Ban sake yi ba.

Mai Caji, Tashar Dukku:

Ni ban je ko'ina ba, iyakata Kano, ƙanena ne ya sa ni a nan. Caji nake yi da tura wa'azi da finafinai a memori. Yallaɓai na Bolari ya faɗi gaskiya. Ku kuna otal, labari kuma a teburina yake kwana. Waya sittin, saba'in ke wucewa ta hannuna a rana, mai ita kuma in ya zo karɓa sai ya kunna wa na kusa da shi abin da aka turo masa.

Amma ina da tambaya ga masu ilimi. Lokacin canjin kuɗi, an ce 31 ga Janairun 2023 tsofaffin kuɗi sun daina aiki. Aka dawo aka ce 10 ga Fabrairu. Sai shugaban ƙasa ya ce tsohuwar ɗari biyu kaɗai za ta ci gaba. Sai Kotun Ƙoli ranar 3 ga Maris ta ce duka a ci gaba da karɓa har ƙarshen shekara. Kowace safiya kuma da sabon saƙon murya. Akwai wata baiwar Allah mai awara kusa da ni, ranar nan ta ƙi karɓar tsohuwar ɗari biyar tun safe, awararta ta kwana, washegari ta ji ana karɓa a gidan mai. To a irin wannan, da na sama ma bakinsu bai zo ɗaya ba, wa za a tambaya? Ni abin da na iya kawai, wani ɗalibi ya nuna min kibiya biyu da ke fitowa a saman saƙon WhatsApp, ya ce alamar ya bi hannu aƙalla biyar kafin ya iso. Yanzu in an kunna min abu sai in ce mu ga kansa. In na ga kibiya biyu sai in ce, wannan ya sha hannu kamar tsohuwar naira ashirin. Suna dariya, amma wasu sun fara dubawa da kansu.

Tsohon Ɗan Jarida, Tudun Wada:

Mai Caji, tambayarka ta fi ƙarfin bita. A ranakun nan mu ma a ɗakin labarai sai dai mu ce ga abin da Babban Banki ya faɗa, ga abin da kotu ta faɗa, ga ranar da kowa ya faɗa. Wani lokaci iyakar gaskiyar ke nan, a sa wa kowace magana sunan mai ita da kwanan wata. Kibiyar nan kuma, tun Afrilun 2020 saƙon da ke ɗauke da ita wuri ɗaya tak ake iya tura shi a lokaci guda.

Adda, Pantami ta Gabas:

Ni nawa a cikin gida ya same ni, kuma har yau in na tuna sai na ji nauyi. Na dawo daga wani shirin musayar matasa ba da daɗewa ba, ga ilimi yana cina. A Satumban 2024, bayan madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Maiduguri, Baffanmu, yayan mahaifina, ya turo saƙon murya a guruf ɗin dangi cewa madatsar Dadin Kowa ta tsage, kowa ya kwashe iyalinsa. Haɗe da bidiyon ruwa yana tafiya da kaya. Kallo ɗaya na gane Maiduguri ce, har allon wani shago ana gani. Nan take, a gaban mutum sama da tamanin, 'ya'yansa da surukansa da jikoki, na rubuta: "Baffa wannan ƙarya ne, a daina yaɗa abin da ba a tabbatar ba."

Guruf ya yi tsit. Bayan minti kaɗan sai na ga Baffa ya fita. Ko sallar magariba ban idar ba Inna ta kira. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga ya fi min sauƙi. Ta ce, "Abin da aka koya miki a can ke nan, ki ƙaryata ubanki a bainar jama'a?" Ta kashe.

Kwana uku ina cewa ai ni ke da gaskiya. Ran na huɗu na sayi turare na tafi gidansa, na durƙusa a bakin ƙofar zaure. Ya bar ni a durƙushe ya gama lazimi. Sannan ya ce, "Ni ban yi ƙarya ba. Tsoro na ji. Ƙanwarki tana aure a can ƙasan ruwa da yara huɗu. In na yi shiru abin ya zama gaskiya fa?" Ban sami amsa ba, don Alau ɗin ma ai da gaske ta ɓalle, tsoronsa ba na banza ba ne. Sai na matsa kusa, na buɗe bidiyon, na tsayar da shi daidai allon shagon, na ƙara girmansa. Ya sa tabarau ya karanta da kansa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "To ai da sai ki kira ni."

Yanzu duk abin da aka turo masa, ni yake fara aiko wa ni kaɗai, da saƙon murya: "Duba min wannan." Wani lokaci sau biyar a rana, har da ƙarfe biyar na asuba. In na ce ba haka ba ne, shi da kansa yake zuwa majalisarsu ya ce ya bincika. Ba ya cewa ni ce, ni ma ba na so ya ce. Akwai masu aikin tantance labari da suka sa wa kafarsu suna Dubawa tun 2018, ni dai a gidanmu na zama reshensu ba albashi.

Malamin Islamiyya, Herwagana:

Allah Ya yi miki albarka da kika je kika durƙusa. Ni ina karanta ku ina murmushi, don kun haye teku kun ɗebo abin da ke cikin zauren kakanninku. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun san wa ya ji daga wa, shi kuma daga wa, har tushe, sannan su auna kowane mutum a silsilar, mai gaskiya ne, mai mantuwa ne. Shi ne isnadi. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta ce in fasiƙi ya zo da labari a bincika, kada a cutar da mutane cikin rashin sani a wayi gari ana nadama. Kuma ya tabbata a hadisi cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji.

Da na fara ce wa ɗalibaina manya, matan aure, "wannan saƙon muryar ina isnadinsa?" nan da nan suka kama, har suna tsokanar juna da shi. Amma hattara biyu. Kada ki je ki karanta wa irin su Baffa ayar fasiƙi, sai ya ce shi kike nufi, gyara ya zama ɓarna. Na biyu kuma a kanmu ne mu malamai. Mutum zai yi awa guda yana tantance ruwaya a karatu, ya sauko ya tura hoton da bai san asalinsa ba don ya dace da abin da yake so ya ji. Ni ma na taɓa yi.

Matashi daga Billiri:

Ni shugaban matasa ne a cocinmu, na kuma je wani taron matasa a Kigali. Namu ya fi na kowa nauyi, don a wurinmu hoton ƙarya ba awara yake sa wa ta kwana ba. A 2021 da gari ya ɗau zafi har aka sa dokar hana fita, hotuna sun yi ta yawo a wayoyi, na gaske da waɗanda ba na garinmu ba ma, duk a cakuɗe. Na san yadda ake saka hoto a Google a ga inda ya fara fitowa, amma sai da data, sai da sabis, kuma kafin ka gama mutum ɗari sun gani. Binciken da BBC ta yi a 2018 kan rikicin Filato ya nuna irin haka, an yaɗa hotunan da wasunsu ba a Najeriya ma aka ɗauke su ba.

Abin da na lura, in ni na ce wa Musulmi hoton da ya tura ba gaskiya ba ne, ba zai ji ba, zai ce kare nawa nake. Haka in abokina Musulmi ya faɗa wa 'yan cocinmu. Sai muka yi yarjejeniya da shi, tun firamare muke tare: in ya ga na ɓangarenmu ya turo min a ɓoye, ni zan yi magana da mutanena, in na ga nasu in tura masa. Kowa ya share ƙofar gidansa. An ce min munafuki, shi ma an ce masa. Muna nan dai.

Ɗalibar Kashere:

Ni tambaya ce da ni. Yanzu da ake haɗa muryar mutum da fuskarsa da ƙirƙirarriyar basira, allon shago ma ba zai cece mu ba. Kakata ta ga bidiyon wani babban mutum yana tallan magani da Hausa, bakinsa na motsi daidai. Na ce mata haɗi ne, ta ce da idonta ta gani.

Ɗan Bolari:

Tun kafin wannan fasaha ma ai an yarda an sauya shugaban ƙasa da wani Jibrin daga Sudan, sai da Buhari ya fito a ƙasar Folan a Disambar 2018 ya ce shi ne da kansa. Wanda ke son yarda ba ya jiran na'ura.

'Yar Jekadafari:

Na gode ƙwarai, na karanta kowanne sau biyu. Tunda kowa ya tona nasa, ga sauran nawa. Mako biyu bayan taron Pantami na tura sanarwar wani tallafin karatu a guruf ɗin waɗanda suka zo, ban duba ba, don wata da muka yi tafiya tare ce ta turo min. Yaron nan mai tambayar kifi shi ya biyo ni ta gefe ya ce, "Anti, adireshin nan ba irin na gwamnati ba ne, kuma suna neman kuɗin fom." Ta gefe fa, ba a guruf ba. Adda, yaron da bai kai ashirin ba ya fi mu sanin wannan.

Makon wayar da kai kan kafafen labarai na hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya yana zuwa, 24 zuwa 31 ga Oktoba, wanda Abuja ta karɓi babban taronsa a 2022. Bana ba zan kama ɗaki ba. Mai Caji, in ka yarda, ranar Asabar ɗin makon bayan la'asar zan zo teburinka, ba majigi, ba kyalle. Baba, ko za ka zo ka yi tambayar gishirin da bakinka? Malam, ina roƙon aron kalmar isnadi.

Malamin Islamiyya, Herwagana:

Ba tawa ba ce, ɗauki.

Mai Caji, Tashar Dukku:

Hajiya, bismillah. Sai dai benci ɗaya gare ni, ki taho da naki. Kuma ki zo kafin motocin Dukku su cika, in suka tashi rabin masu sauraron sun tafi.